Ranar da Wule Ta Nuna Burtali

Na san abin da taubasanku na wajen Jabo suke tsokanarku da shi duk inda aka haɗu wurin biki, wai ku ne jikokin mutumin da saniya ta kayar a shari'a ta cinye masa gona. Kuna dariya kuna ramawa, amma na lura babu wanda ya san kan maganar a cikinku. Ban ga laifinku ba, domin kakanku Malam Sambo, mahaifina, bai taɓa ba da labarin ba har ya koma ga Allah, ni kuma na gaji riƙe baki a wurinsa. Abin da ya sa na buɗe nawa yanzu shi ne, a daminar da ta wuce na fita duba gona, na tarar kunyoyin geron yayanku Buhari sun matso har sun kusa taɓa turken siminti na bakin burtali. Na dawo gida aka kawo tuwo, na kasa ci.

A gandu ɗaya na tashi, gona ɗaya, rumbu ɗaya, garke ɗaya. Baffa Dikko, yayan Baba, shi ne maigida. Dogon mutum ne mai murya, in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Shi ke karɓar aure da bayarwa a rabin gidajen ƙauyenmu, kuma 'yarsa ce a ɗakin Maigari. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka, yunwa ba ta taɓa kwana a gidan maƙwabci yana sane ba. Abu ɗaya ne da shi, in ya faɗi magana ba ya janye ta, ko da ya gane a tsakiyarta cewa ba daidai ba ce. Baba kuwa mutumin shanu ne, maganarsa da dabba ta fi maganarsa da mutane yawa. Ban taɓa jin ya kira sunan yayansa ba, ban taɓa ganin ya zauna kan tabarma ɗaya da shi ba, kuma in Baffa yana wurin taro to Baba kurma ne.

Gonar da ta fi kowace albarka a gandunmu ita muke kira Baƙar Gona. Dawa a wurin sai ta shanye mutum da raƙuminsa. Kowa a garin ya san dalili, amma ba mai faɗa: tsohon burtali ne, hanyar da shanun gari suke bi zuwa tafki tun kaka da kakanni, takin shekara da shekaru ne a kwance a ƙarƙashinta. Ba rana ɗaya aka cinye shi ba. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi a ƙara biyu, masu gonakin gefe kowa yana ɗan gutsura, har hanyar ta zama siririya. A wata shekara da ruwa ya yi gardama, ina da wayona sarai, Baffa ya sa aka sare ƙaya aka datse abin da ya rage ta wajenmu, ya ce na daminar nan kawai. Shingen ya zauna. Shanu suka koma zagayawa ta bayan tudu, hanya mai tsakuwa da ke yanka kofato, masu ciki suna isa ruwa da kyar. Ana gunaguni a bayan ido, in an ga Baffa a ce barka da hantsi. Shekarar da na auri uwarku, shi da kansa ya kai ni gefen gabas na Baƙar Gona ya nuna mini da sandarsa, ya ce nan ne gayaunata, in noma wa kaina da iyalina. Na kwana ina lissafin dammunan da ban shuka ba.

A shekarar nan ce Wule ta dawo. Saniyar Baba ce, ja mai farin goshi. Al'adar mutanenmu ce in cuta ta shafe garken ɗan'uwa a ba shi saniya ya riƙe, ta yi ta haifa masa, 'ya'yan nasa ne, in ya farfaɗo ya maido uwar. Haka Baba ya yi wa Kawu Modi na ƙasar Kebbe, ya ba shi Wule tana da haihuwa ɗaya, tun burtali yana buɗe. Sai ga ta an koro ta gida ta tsufa, haƙora sun zube, gadon baya ya lotsa, tana tafiya kamar mai jin nauyin ƙafarta. Innata ta ce Kawu Modi ya sha romo ya maido mana ƙashi. Baba dai ya yi ta shafa goshinta.

Bayan an gama kaka sai ga mutanen ƙaramar hukuma daga Tambuwal. Shugabansu Malam Attahiru mai safiyo, wato awon ƙasa, wani gajere mai tabarau da haƙurin tsiya. Ya ce gari yana girma, an aiko su su ware filayen jama'a tun gidaje da gonaki ba su haɗiye ko'ina ba: wurin asibiti, wurin makaranta, wurin kasuwa, ƙarin maƙabarta, sannan za a yashe tafki a zurfafa shi, a fitar masa da burtali a kafa turakan siminti yadda ba mai sake taɓawa. An sha musu kan filin kasuwa, an ɗan ja kan na asibiti. Na maƙabarta ne kawai ba wanda ya ce tak, kowa ya san yana da rabo a ciki. Da aka zo kan burtali, a ƙofar gidan Maigari, Malam Attahiru ya ce shi baƙo ne, dattawa su nuna masa inda tsohuwar hanyar ta bi. Wurin ya yi tsit. Wannan yana gyara hula, wancan yana tonon ƙasa da tsinke. Wa zai miƙa yatsa ya nuna gonar mutumin da ya ɗaura masa aure?

Baffa Dikko ne ya yanke shirun. Ya ce a iya tunawarsa burtali ta bayan itacen marke ya bi. Bayan marke kuwa gonar Ige ce, matar marigayi Jatau, ita kaɗai ce abin da ya bar mata da ƙananan yara. Har yau ban ce Baffa ya zauna ya ƙulla ƙarya ba. Mutum in ya daɗe yana cin wuri, zuciyarsa takan gyara masa labarin. Malam Attahiru ya ce ba zai kafa turke a gonar marayu da maganar mutum ɗaya ba, ko a samu shaida na biyu ko a yi rantsuwa. Ba wanda ya tashi ya zama na biyu, ba kuma wanda ya tashi ya musa. Maigari ya rasa yadda zai yi da surukinsa, ya ce to ranar Jumma'a bayan an sauko, Dikko ya dafa Alƙur'ani. Baffa ya ce zai dafa. Na san halinsa, duk wanda ke wurin ya sani, ya faɗa ke nan.

Sai na ji muryar da ban taɓa ji a taro ba. Baba ne, daga can baya inda yake tsugune.

"Yaya, ka yi mani izni in ce wani abu?"

Baffa ya waiwayo da mamaki, ya ɗaga masa kai. Baba ya fuskanci Maigari.

"Ranka shi daɗe, ɗan Adam na mantuwa, kuma Littafin Allah ba abin gwada mantuwa na ba. Muna da sanuwa wadda tab bar garin ga tun burtali na buɗe, ba ta dawo ba sai bana. Ba ta da gona, ba ta da suruki. A hana mata ruwa, a sake ta ita ɗai. Inda duk tab bi, nan na burtali."

Aka yi dariya, har wani ya ce to a naɗa mata rawani. Malam Attahiru bai yi dariya ba. Ya ce shi abin da yake nema layin da gari ba zai tumɓuke ba bayan motarsa ta juya, in kowa ya yarda da saniya shi ma ya yarda da ita. Ido ya koma kan Baffa. Saniyar gidansa ce, ƙaninsa ne ya kawo maganar, ƙi a nan tamkar amsa laifi ne. Ina jin kuma ya ɗauka dabba ba za ta riƙe hanya tsawon shekarun nan ba, za ta bi sawun 'yan'uwanta ta bayan tudu kowa ya huta. Ya ce a sake ta.

Da muka koma gida Inna ta tare Baba a bakin turke, ba ta ko damu ina tsaye ba. Ita ke tatsa, ta ga abin da kowa bai gani ba.

"Malam, kai ka san inda sanuwag ga za ta bi. Tun da tad dawo kullum safe sai ta ja wajen shinge, sai an kore ta da sanda."

"Na sani."

"To mi za mu ci?"

"Abin da munka ci kafin a kafa shingen."

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Ni ma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, amaryata tana ɗaki kuma gayaunar da aka nuna mini ce za ta tafi. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya miƙo mini igiya ya ce in ɗaure Wule nesa da kwarmin ban ruwa.

Ranar da aka sa, da hantsi, duk garin ya fito. Liman ya kafa sharaɗi: ba mai riƙe sanda, ba mai kiran sunanta, ba mai wuce ta, kowa a baya. Baba ya kwance igiyar a bakin gari ya koma cikin mutane ya harɗe hannu. Wule ta tsaya ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, sannan ta kama tafiya a hankali. Gonaki duk a share suke, sai kututturan kara. Muna biye, yaran Malam Attahiru suna kafa fegi a inda ta taka. Na halarci jana'iza da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin taron da ya yi shiru irin wannan ba, har ƙarar karan da take takawa ana ji. Da ta iso mararraba, inda sawun shanun gari ya karkata hagu zuwa bayan tudu, hanya a fili ga kashin jiya ma a kai, sai ta tsaya. Na ji zuciyata tana roƙon ta bi hagu. Ta sunkuya ta sansana, ta ɗago, ta miƙe sosai gabanta ta cikin fili inda babu alamar hanya ko kaɗan. Ta zo daidai marke. Ige tana can gefe da 'ya'yanta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wule ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta wuce, ta yi wata 'yar kwana da ba wanda ya ga dalilinta, sai wani tsoho ya ce a hankali a da akwai suri a nan, shi take kaucewa. Surin da aka baje tun ina yaro, ita a wurinta yana nan. Mutane suka fara salati ƙasa-ƙasa.

Ta zo ta tsaya a gaban shingenmu. Ƙaya ce ta shekaru, an yi ta ɗora sabuwa kan tsohuwa har ta kai ƙirjin mutum. Ta dube shi, ta yi kuka sau ɗaya, dogon kuka irin na mai ƙishirwa, ta tsaya tana jira a buɗe mata kamar yadda ake jiran mai gida a ƙofa. Aka yi cirko-cirko. Maigari ya sunkuyar da kai, Malam Attahiru ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ba wanda ya isa ya taɓa shingen Dikko a gaban Dikko. Sai na ga Baffa ya fito daga cikin mutane. Bai nemi gatari ba, bai nemi ƙoƙuwa ba. Ya naɗe hannun riga ya kama ƙayar da tafin hannunsa ya fizga, ya jefar, ya sake kamawa. Jini yana bin yatsunsa yana ɗiga a kan farar rigarsa. Na yunƙura zan taya shi, Baba ya riƙe mini hannu. Da ƙofa ta samu Baffa ya ja gefe, Wule ta shiga. Ta ratsa tsakiyar Baƙar Gona, ta bi ta kan gayaunata, ta fita ta ɗaya gefen ta gangara tafki ta sa baki a ruwa. Malam Attahiru ya ce ya zaga garuruwa da yawa da igiyar awonsa, yau ya ga ikon Allah. Ni dai na zauna a ƙasa. Na rasa gona a ranar, amma abin da ya cika mini ciki tsoron Allah ne, ba baƙin ciki ba. Da na ɗago ina neman Baffa, ya tafi.

Kada ku zaci abin ya ƙare da daɗi. Baffa bai yi wa Baba faɗa ba, da ma ya yi. Kafin ruwan farko ya kira Liman aka raba gandu, aka raba shanu, har tukwane matan gida suka raba suna kuka. Ya kwashi iyalinsa ya koma ƙasar Kebbe inda daji ke da faɗi. Abin da ya ce wa Liman kawai, ba zai zauna garin da ƙaninsa ya aiko masa saniya da saƙo ba. Burtali ya cinye Baƙar Gona, ɗan gefe kawai ya rage mana. Hukuma ta ba mu wani fili a jigawa, rairayi ne zalla, shekarun farko geronsa ko tsuntsu raina shi yake. Rumbunmu ya daina kai mu sabuwar kaka, uwarku ta yi goyon Buhari da kunun dusa, kuma har ta rasu in na ɓata mata rai sai ta tuna mini. Inna ta yi wata da watanni ba ta yi wa Baba magana sai ta bakin yara. Duk sallah Baba yakan hau babur a kai shi Kebbe gaisuwa, hanya duk rami, a ce masa Baffa ya fita. Ya zauna a zaure har la'asar ya dawo. Baɗi ya sake komawa. Wule kuwa ya hana a sayar, ya hana a yanka, har ta mutu a turkenta. An kafa turakan siminti, an yashe tafki, asibiti ya tashi a filinsa. 'Ya'yan Ige suka girma a gonar ubansu. Ni na ɗauka saboda su kaɗai Baba ya yi abin da ya yi, kuma ko da haka ne ya isa.

Shekaru suka tura, ku duk an haife ku, furfura ta fara fito mini. Sai zaman daji ya gagara a can inda Baffa yake, ɓarayin shanu suka hana kowa barci. Tsakiyar damina, gero ya fitar da kai, wani mai babur ya tsaya a ƙofarmu ya ce ga Dikko can bakin gari da iyalinsa da abin da ya rage masa na garke, a ƙasa suka taho. A irin wannan lokaci gonaki sun rufe ko'ina, ba ta inda garke zai shiga gari ko ya kai ruwa bai yi ɓarna ba, sai ta hanya ɗaya. Baba ya riga ya tsufa, ya ɗauki sandarsa ya fita ba ko takalmi, na bi shi. Muka tarar da Baffa tsaye a bakin burtali, daidai inda shingen yake a da. Ya rame, ya ranƙwafa, muryar nan ta tafi. Shanunsa suna bayansa suna kuka, ga hanya a buɗe a gabansu tsakanin bangon gero biyu, amma bai kora su ba. Baba ya tsuguna ya gaishe shi kamar jiya suka rabu. Aka gama gaisuwa, aka tambayi iyali. Baffa ya dafa turken siminti.

"Sambo, ka san inda za ta bi."

"Na sani, Yaya."

"Ni ma na sani." Ya dubi hanyar. "Da Jumma'an nan ta zo, da na dafa Littafi. Na riga na faɗi, kuma ka san ba ni janyewa. Shekarun ga duka ina fushi da kai, amma ko yaushe nid ɗauko Alƙur'ani zan karatu sai in dubi hannun ga."

Ya buɗe tafin hannunsa. Tabon ƙayar yana nan, fari-fari, a tafi da yatsu.

"Wanga tabo ya fi mani sauƙi bisa ga wancan. Kai ab ba ka bari na tafi da shi kabari ba."

A nan na gane abin da Baba ya saya da Baƙar Gona. Ba zai iya ce wa yayansa ka yi ƙarya a gaban mutane ba, ba kuma zai iya zuba ido yayansa ya rantse a kan haƙƙin marayu ba, sai ya ba da gonarsa da gandunsa da zumuncin shekaru. Na dubi tsohon nan mara takalmi, ubana da nake gani kullum, na ji kamar ban taɓa saninsa ba. Hawaye yana bin gemunsa. Na zaci zai ce wani abu babba. Ya share fuska da hannun riga.

"Yaya, shanu na jin ƙishi."

Baffa ya ɗaga sanda, garken ya shiga burtali. Ya bi bayansu, Baba ya bi bayansa, bai jera da shi ba ko a ranar. Kaburburansu suna nan kusa da juna a filin da Malam Attahiru ya ware, kuna wuce su duk ranar kasuwa.

To Buhari, ga abin da ke ƙarƙashin kunyoyin nan naka. Na san ƙasar wurin baƙa ce, na san gero yana son ta, na riga ka sani. Kafin ruwan bana ya sauka ka ɗauki fartanya ka maida su baya, da hannunka. Wule ta mutu, ba ni da saniyar da zan aiko maka.